BIZA ALKAWARI CE: Matsayinmu Kan Aikin Baƙo Mai Jiran Takardar Zama A Amurka

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya cika alkawari daga alamomin imani, ya sanya yaudara daga alamomin munafunci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda hatta maƙiyansa suka shaide shi da riƙon amana, da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, batun da muka ɗauko a wannan wata ya shafi 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasar Amurka, musamman jama'armu na Nijeriya da Nijar da zangunan Gana da suka yi sansani a unguwannin Buronkis da Halem na birnin Niyok da wasu biranen. Ya kuma shafi mu da ke gida, domin mu ne muke raka su filin jirgi, mu ne kuma muke jiran aike daga gare su. Batun shi ne: mutum ya shiga ƙasar da bizar ziyara, daga baya wata hanya ta halal ta buɗe masa, kamar aure ko ɗa da ya zama ɗan ƙasa, sai ya shigar da takardun neman izinin zama na dindindin, wato koren kati. Tsakanin shigar da takarda da fitowar amsa akwai watanni, wani lokacin shekaru. To, a wannan tsakanin, ya halatta ya yi aikin albashi? Idan bai halatta ba, ina hukuncin aikin sa kai a masallaci ko Islamiyya ko shagon ɗan'uwa?

Matsayinmu a taƙaice shi ne: wanda ya shiga ƙasar mutane bisa sharaɗi, wajibi ne ya tsare sharaɗin, kuma wajibi ne jama'a su ɗauki nauyinsa domin kada yunwa ta tilasta shi saɓawa. Waɗannan wajibai biyu a ɗaure suke da juna, kuma mun ga ana sakaci da dukkansu.

ABIN DA DOKAR TA TANADA

Malamanmu sun koyar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, don haka bari mu fara da dokar kanta. Bizar ziyara, wadda suke kira B-1 ko B-2, ba ta ba mai ita damar yin aiki a Amurka. Shigar da fom mai lamba I-485, wanda da shi ne wanda ke cikin ƙasar yake neman koren kati, shi ma bai zama izinin aiki ba. Izinin aiki takarda ce daban, ana nemanta da fom mai lamba I-765, kuma ba a fara aiki sai an amince da ita. Wanda ya kama aiki ranar Litinin alhali za a amince da takardarsa ranar Juma'a, a wurin hukuma ya yi aiki ba da izini ba. Sana'ar kai ma aiki ce, ko tuƙin tasi ne, ko kitso, ko ɗinki, ko kai abinci gidaje.

Tun shekarar 1986, lokacin da Shugaba Regan ya sa hannu a dokar gyaran shige da fice, aka haramta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya ɗauki wanda ya san ba shi da izini, aka kuma wajabta cika fom mai lamba I-9 ga kowane sabon ma'aikaci. A shekarar 1996, zamanin Shugaba Kilinton, aka ƙara tsauri: wanda ya zauna ba bisa ƙa'ida ba fiye da kwana 180 sannan ya fita, za a hana shi dawowa shekara 3, wanda ya kai shekara guda, shekara 10. Dokar ta 1996 ta kuma tanadi cewa wanda ya yi da'awar shi ɗan ƙasa ne alhali ƙarya yake yi, ko da a kan fom ɗin neman aiki ne, ya rufe wa kansa ƙofar koren kati, a galibin hali har abada.

Sashe na 245 na dokar shige da fice ya hana wanda ya yi aiki ba da izini ba ya sami koren kati daga cikin ƙasar. Akwai togaciya: miji ko matar ɗan ƙasa, da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba, da iyayen ɗan ƙasan da ya kai shekara 21, wannan hanin bai hau kansu ba. Masu nema ta hanyar aiki kuma an yi musu rangwamen da bai wuce kwana 180 ba. Amma matar mai koren kati wanda bai zama ɗan ƙasa ba, ba ta cikin wannan togaciya. A nan ne da yawa suke faɗawa rami, domin sun ji an ce wance ta yi aiki kuma ta sami kati, ba su san cewa mijin wance ɗan ƙasa ne ba. Kuma ko waɗanda aka togace, fom ɗin yana tambayarsu ƙarara ko sun taɓa yin aiki ba da izini ba, suna kuma sa hannu bisa rantsuwa. Wanda ya yi, ya ce bai yi ba, ya fita daga ƙaramin laifin da doka ta kawar da kai daga gare shi, ya shiga babban laifin yaudarar hukuma, wanda haninsa na tsawon rai ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ƙofofin kuma sai ƙara ƙuntata suke yi. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta sanya Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta dakatar da shigar mutanensu. A watan Disamba na shekarar ta ƙara Nijar a wannan jeri, ta kuma dakatar da wasu nau'o'in biza ga 'yan Nijeriya, ciki har da ta ziyara. A watan Oktoban 2025 kuma aka soke tsarin da yake tsawaita izinin aiki kai-tsaye ga mafi yawan masu neman sabuntawa. Ma'anar wannan ita ce wanda yake ciki yana jira, idan ya ɓata lamarinsa aka fitar da shi, komawarsa sai wani ikon Allah.

INA MATSAYIN AIKIN SA KAI?

Da yawa sun ɗauka cewa muddin ba a miƙa wa mutum kuɗi a hannu ba, to, aikin sa kai yake yi. Doka ba haka take kallon abin ba. A wurinta lada ya haɗa da ɗakin kwana da abinci da sutura da alkawarin za a biya daga baya idan takarda ta fito. Aikin sa kai na gaskiya shi ne wanda mutum ya yi wa ƙungiyar addini ko ta jinƙai wadda ba ta neman riba, ba tare da tsammanin komai ba, a gurbin da dama can ba a biyan kowa a kansa. Shara da shimfiɗa a masallaci ranar Juma'a, rabon abincin buɗa-baki, taya wankan gawa, duk waɗannan ba su da matsala. Amma tsayawa a kantin ɗan'uwa daga safe zuwa dare da sunan taimako, ko zama direban kamfani kyauta domin a riƙe wa mutum gurbi, wannan aiki ne ko da an kira shi da wani suna. Dokar ƙwadago ta 1938 ba ta yarda a yi wa kasuwancin riba aikin sa kai ba.

Akwai wata shari'a da ya kamata kowane kwamitin masallaci ya sani. A shekarar 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan wata gidauniyar addinin Kirista, ta Tony da Susan Alamo, wadda take da gidajen mai da kantuna da gonakin aladu da sauran sana'o'i. Mabiyanta ne suke yin aikin, ba a ba su albashi, sai dai abinci da sutura da makwanci, kuma waɗanda suka ba da shaida daga cikinsu sun ce don addini suke yi, ba su ɗauki kansu ma'aikata ba. Duk da haka alƙalan gaba ɗayansu suka ce ma'aikata ne, domin rayuwarsu ta dogara ga abin da ake ba su. Shari'ar ta dokar ƙwadago ce, amma darasinta a fili yake: sunan addini ba ya mayar da aikin lada ya zama na sa kai.

HUKUNCIN SHARI'A

Ya ku 'yan'uwa, ba mu kawo waɗannan dokoki don mu tsarkake su ba. Dokoki ne na 'yan Adam, a cikinsu akwai tsanani, akwai son kai, akwai fifita wasu ƙasashe a kan wasu. Abin da ya ɗaure Musulmi shi ne alkawarin da ya ɗauka da bakinsa da sa hannunsa. Allah (SWT) ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika ƙulle-ƙullen alkawari, a Suratul Isra'i kuma ya sanar da mu cewa alkawari abin tambaya ne a gobe Ƙiyama. Bai togace alkawarin da aka yi da wanda ba Musulmi ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin babi a kan wannan, babin Musulmin da ya shiga ƙasar da ba ta Musulunci ba da amana. Imam Muhammad bin Hasan Ash-Shaibani, wanda ya rasu a shekara ta 189 bayan Hijira, ya faɗaɗa magana a kai a littafinsa As-Siyarul Kabir. Ibn Ƙudama, wanda ya rasu a shekara ta 620, ya bayyana a Al-Mugni cewa wanda aka ba amana ya shiga, haramun ne ya ha'ince su, domin ba su amince masa ba sai bisa sharaɗin ba zai ci amanarsu ba, ko da ba a furta sharaɗin da baki ba. To, ina ga wanda aka rubuta masa sharaɗin a takarda, ya tsaya gaban jami'in ofishin jakadanci ya ce ziyara za shi? Saboda haka ne malamai da yawa na wannan zamani suka ɗauki biza a matsayin amanar da magabata suka yi magana a kai.

Ku dubi ƙissar Huzaifa bin Yaman (RA) da mahaifinsa, wadda Imam Muslim ya ruwaito. Ƙuraishawa sun tare su a hanya, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin cewa Madina za su wuce, ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Suka iso ana shirin yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, mushirikai wajen dubu. Babu ranar da Musulunci ya fi bukatar takobi biyu kamar wannan rana. Amma Manzon Allah (SAW) ya umarce su da su juya, a cika wa mushirikai alkawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Ku dubi kuma Mugira bin Shu'uba (RA), wanda kafin ya musulunta ya yi tafiya da wasu mushirikai, ya kashe su ya kwashi dukiyarsu, sannan ya zo Madina. Annabi (SAW) ya karɓi Musuluncinsa, ya barranta daga dukiyar, domin ta hanyar yaudara aka same ta. Idan an bar Badar saboda alkawari, da wane dalili za a warware shi saboda dala?

SHUBUHOHI DA AMSOSHINSU

Wasu suna cewa ai ƙasar kafirai ce, dokarsu ba ta hau kanmu ba. Amsar ta gabata. Muna ƙara cewa mai wannan magana da ya gan ta gaskiya ce, da ya faɗe ta a gaban jami'in da ya ba shi biza. Bai faɗa ba, domin ya san a kan me aka buɗe masa ƙofa.

Wasu suna kafa hujja da Abdurrahman bin Auf (RA), wanda da isarsa Madina ya ƙi karɓar rabin dukiyar Sa'ad bin Rabi'i (RA), ya nemi a nuna masa kasuwa. Lalle wannan himma abar koyi ce, kuma ba mu goyon bayan zaman kashe wando. Sai dai mutanen Madina ba su gindaya wa Muhajirai sharaɗin kada su shiga kasuwa ba. Darasin da ya fi dacewa da halinmu a wannan ƙissa shi ne na Sa'ad, mai masaukin da ya yarda ya raba dukiyarsa biyu saboda baƙo.

Shubuha mafi ƙarfi ita ce ta larura, kuma ba za mu raina ta ba. Magidanci ne mai lafiya, ya saba ciyar da iyalinsa, yau ga shi a ɗakin wani, kuɗin jirgin ƙasa ma sai an ba shi, ga waya daga gida ba dare ba rana: kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, bashin da aka ci aka yi masa guzuri. Wanda bai ɗanɗana wannan ba kada ya yi saurin zargi. Shari'a ta san larura, amma ta ce ana auna ta ne gwargwadonta. Wanda ya rasa abin da zai ci da inda zai kwana, bayan ya nemi taimako bai samu ba, hukuncinsa daban ne da na wanda yake gaggawar ya kai ginin gida linta kafin Sallah. Kuma ko larurar ta tabbata, ba ta halatta yin aiki da takardun wani da sunan wani, ko rantsuwa a kan ƙarya. Wannan shaidar zur ce, wadda Annabi (SAW) ya lissafa cikin mafi girman zunubai. Wanda ya riga ya afka, ya tuba, ya daina, ya gaya wa lauyansa gaskiya tun kafin ya sa hannu a kowace takarda.

GYARA KAYANKA

Yanzu bari mu juyo kanmu, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kaso mai yawa na wannan ɓarna daga masu masauki take fitowa. Ana samun ɗan kasuwa mai sallah a sahun farko, ya ɗauki baƙo marar takarda ya sa shi aikin awa goma sha biyu, ya biya shi ƙasa da mafi ƙarancin ladan da gwamnatin tarayya ta ƙayyade, wanda tun shekarar 2009 yake dala 7 da santi 25 a awa, domin ya san ba shi da bakin kai ƙara. Wani ma sai ya riƙe ladan gaba ɗaya, ya ce ai taimakonsa yake yi. Imam Bukhari ya ruwaito hadisi Ƙudusi inda Allah ya ambaci mutum uku da shi da kansa zai yi husuma da su ranar Ƙiyama. A cikinsu akwai wanda ya yi alkawari da sunansa ya yaudara, da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama amfana da shi ya hana shi ladansa. Abin tsoro ne a ce baƙo da mai masaukinsa sun raba waɗannan siffofi biyu a tsakaninsu. A fahimtarmu, wanda ya riga ya yi aikin da asalinsa halal ne, guminsa haƙƙinsa ne, dole a biya shi cikakke, laifin saɓa sharaɗi kuma yana tsakaninsa da Ubangijinsa.

Haka nan wanda ya tsaya wa matarsa ko mahaifinsa, ya tuna cewa ya sa hannu a fom mai lamba I-864, inda ya nuna cewa samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnati, ya kuma ɗauki nauyin wanda ya tsaya wa. Tun kafin wannan fom, Shari'a ta ɗora masa ciyarwar. Ba daidai ba ne ya tura matarsa shagon kitso da takardar wata, sannan ya zo masallaci yana ƙorafin lalacewar zamani.

Sai batun malamai da alarammomi da ake gayyata domin tafsiri da tarawihi a watan Ramadan. Karɓar lada a kan karantar da Alƙur'ani, Imam Malik da Imam Shafi'i sun halatta shi, ba a nan matsalar take ba. Matsalar ita ce a kawo malami da bizar yawon buɗe ido, a tsayar da shi limanci a masallaci guda wata cur, an riga an yi yarjejeniyar abin da za a ba shi, sannan a kira shi hadiyya. Ƙa'idojin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka sun buɗe wata 'yar kafa ƙarƙashin bizar B-1 ga mai zagayen wa'azi da mai aikin sa kai na addini, da sharuɗɗa masu tsauri, kuma sai an bayyana manufar tafiyar tun a ofishin jakadanci. Wanda kuwa zai zauna a masallaci guda yana aiki ana biyansa, hanyarsa ita ce bizar ma'aikacin addini, R-1, wadda dokar 1990 ta ƙirƙiro: masallacin ne zai nema masa, a tabbatar ya shekara 2 a cikin wannan addini, zai yi aikin aƙalla awa 20 a mako, kuma jimillar zamansa a kanta ba ta wuce shekara 5. Hanya ce mai tsawo da kashe kuɗi, amma ta fi a wayi gari an tsare mai fassara Littafin Allah a filin jirgi bisa tuhumar ƙarya. Mu da muke kiran mutane su bar bidi'a su koma ga Sunna, da wane ido za mu dubi jama'a idan wa'azinmu ya shiga gari ta ƙofar yaudara?

KIRANMU

Na farko, kowane masallacin jama'armu a can ya ware wani kaso na zakka da sadaka domin masu jiran takarda. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci faƙirai da miskinai da mabarta da matafiyin da guzurinsa ya yanke. Da wuya a sami mai jiran da bai shiga ɗaya daga cikinsu ba. A ba shi don Allah, ba tare da an rataya masa wani aiki a madadi ba, domin da zarar an rataya, sadaka ta koma lada.

Na biyu, kwamitoci su rubuta ayyukan da kowa yake yi kyauta da waɗanda ake biya, kada a sa marar izini a gurbin da ake biya, kada kuma a yi masa alkawarin biya a gaba.

Na uku, mai jira ya nemi izinin aiki tare da takardar koren kati tun ranar farko, ya nemi shawarar lauyan shige da fice mai lasisi, ya guji 'yan-na-iya na bakin titi. Kada ya fita ƙasar kafin ya sami takardar izinin tafiya, domin fita ba tare da ita ba yakan sa a ɗauka ya yi watsi da nemansa. Watannin jira kuma ya cika su da hadda da neman ilmi da koyon harshe da hidimar masallaci ta gaskiya.

Na huɗu, mu da ke gida mu ji tsoron Allah game da 'ya'yanmu da ƙannenmu. Kada mu mayar da wayar tarho bulala. Wanda zai tafi kuma kada ya ce ziyara za shi alhali ya riga ya ƙudurta zama, domin ginin da aka aza a kan ƙarya ba ya daɗewa bai tsage ba.

Na biyar, 'yan'uwanmu da suka zama 'yan ƙasa suna da bakin magana da ƙuri'a. Su haɗa kai da sauran masu neman a sassauta wa baƙi, a rage tsawon jira, ta hanyoyin da doka ta buɗe. Cika alkawari bai hana a kira zalunci da sunansa ba.

Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun zauna shekaru a ƙarƙashin sarkin da a lokacin ba Musulmi ba ne, ba a ji sun ci amanar ƙasar ba, kuma da aka kira su fada Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) ya faɗi aƙidarsu game da Annabi Isa (AS) ba tare da ɓoye komai ba, alhali zamansu ya rataya a kan amsar. Su ne magabatanmu a baƙunci. Allah ya yaye wa 'yan'uwanmu ƙuncin jira, ya buɗa musu ƙofofin arzikin halal, ya sanya mu cikin masu cika alkawari idan sun ƙulla. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.